Daga jirgin kara zuwa samfurin jirgin soja: Darasin awon da yaran Kurfai ke buƙata

Da zarar an gama girbin hatsi a ƙasar Kurfai, gonaki sun koma fili, sai wata sana'a ta buɗe wadda ba ta da rumfa a kasuwa. Yara ne ke tsinto kara, su fere ɓawonsa da reza, su yanyanka totuwar, wato farin nan mai laushi da ke cikinsa, su riƙa soka tsinke suna haɗa wannan da wancan. Kafin la'asar an samu mota, ko tabarau, ko jirgin sama mai fuka-fukai da wutsiya.

Duk wanda ya tashi a Filinge, ko Tawa, ko Maraɗi, ko ƙauyukan Katsina ya san wannan wasa. Wasu da laka suke yi, wasu da waya da gwangwanin tumatir. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne irin jirgin da ake kwaikwayo. Tun da matsalar tsaro ta mamaye jihar Tilaberi, jirgin da yaro ya fi jin ƙararsa, ya kuma fi gani a wayar yayansa, na soja ne: babban jirgin dakon kaya mai farfela huɗu, jirgin yaƙi mai rataye da makamai, mai saukar ungulu, da kuma jirgi maras matuƙi.

A ƙasashe da dama, ƙera ƙananan jiragen soja aiki ne da manya ke kwashe watanni a kansa, har da gasa da baje-koli. Hannun yaron Kurfai bai gaza nasu ba. Abu guda suka fi shi, shi ne awo. Ba sa yanka komai sai sun auna, kuma kowane ɓangare na ƙaramin jirgin yana da lissafin da ya haɗa shi da na gaske. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aiki ƙimar ido ba ta wadatarwa, sai an kawo mudun.

Mene ne 1:72?

A jikin kwalin duk wani samfurin jirgi da ake sayarwa a Turai ko Asiya akwai lambobi irin su 1:72, 1:48 ko 1:32. Shi ne ma'aunin ƙanƙantawa. Idan aka rubuta 1:72, ana nufin an raba kowane awo na jirgin gaske gida 72. Santimita ɗaya a jikin samfurin yana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin. Mutum mai tsayin mita 1.75, idan aka tsayar da shi kusa da irin wannan samfuri, zai koma santimita 2.4, bai kai ashana ba.

Lambar 72 ta samo asali ne daga awon Ingilishi, inda inci ɗaya ke tsayawa a madadin ƙafa shida. A Ingila ma'aunin ya fara yaɗuwa a shekarun 1930. A 1936 kamfanin FROG ya fito da samfuran roba da mai saye ke harhaɗawa da kansa, ya sa musu suna Penguin, sunan tsuntsun nan na ƙasashen ƙanƙara da ba ya tashi, domin jiragen na ajiyewa ne a kan teburi. Kamfanin Airfix ya biyo baya a shekarun 1950 da samfurin jirgin yaƙi na Spitfire.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya nuna cewa abin ya wuce wasa. A farkon 1942, makonni kaɗan bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, rundunar sojin ruwan Amurka ta nemi ɗaliban makarantun ƙasar su sassaƙa samfuran itace 500,000 na jirage iri 50, na gida da na abokan gaba, duk a kan ma'aunin 1:72, a shafe su da baƙin fenti. Da su aka riƙa koya wa matuƙa da masu harbo jirage yadda za su gane jirgi daga siffarsa kawai. Samfurin da aka rataye a nisan ƙafa 35, wato mita 10 da ɗoriya, girmansa a ido daidai yake da jirgin gaske da ke nisan kusan mita 770. Don haka sai an duba aikin kowane ɗalibi kafin a karɓa. Fiffiken da ya zarce awo zai iya sa soja ya harbo ɗan'uwansa.

Jiragen da ido ya saba da su

Filinge tana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kwarin Dallol Boso, kan hanyar da ta ratsa Balleyara. Yanki ne da kakin soja ba baƙo ba ne a cikinsa. Marigayi Janar Seyni Kountché ɗan Fandu ne, Janar Abdourahamane Tiani kuma ɗan Tukunus, duk a gundumar Filinge. Mafi yawan jiragen sojin Nijar daga sansani na 101 suke tashi, wanda ke maƙwabtaka da filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai.

Biyu daga cikinsu sun isa misali. Na farko shi ne C-130 Hercules, jirgin dakon sojoji da kaya ƙirar Amurka, wanda ya fara tashi a 1954. Amurka ta miƙa wa Nijar ɗaya a watan Janairun 2021, wasu suka biyo baya. Tsawonsa mita 29.8 ne, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike mita 40.4, tsayinsa daga ƙasa zuwa saman wutsiya kusan mita 11.7. A ma'aunin 1:72 zai zama santimita 41.4 a tsawo, 56.1 a faɗi, 16 a tsayi.

Na biyu shi ne Sukhoi Su-25, jirgin kai farmaki ta ƙasa ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara tashi a 1975. Nijar ta sayo guda biyu daga Yukren a 2013. Tsawonsa kusan mita 15.5 ne, faɗinsa mita 14.4. A 1:72 zai koma santimita 21.5 da santimita 20.

Waɗannan lambobi kaɗai sun tona kuskuren da ya fi yawa a jiragen kara da na gwangwani. Ido yana ɗauka gangar jikin jirgi ta fi fuka-fukansa tsawo, saboda haka sai a yi doguwar ganga da gajerun fuka-fukai. A C-130 akasin haka ne: faɗin fuka-fukan ya zarce tsawon gangar da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A Su-25 kuwa kusan kunnen doki suke. Wanda ya san haka, tun kafin ya shafa fenti mai kallo zai gane wane jirgi yake nufi.

Ba dole ba ne a tsaya kan 72. Ga wanda ya yi karatu da mita da santimita, 1:100 ya fi sauƙi, domin mita ɗaya santimita ɗaya ne. C-130 zai zama santimita 29.8 da 40.4 ba tare da dogon lissafi ba. Ƙaramin jirgi irin Su-25 ya fi kyau a 1:50, inda zai kai santimita 31 da kusan 29. Sharaɗin guda ne: duk ma'aunin da aka zaɓa, a riƙe shi daga hanci har wutsiya.

Kafin a ɗauki reza

Aikin a takarda yake farawa. Kowane sanannen jirgi yana da zane mai fuska uku, wanda ke nuna shi daga gefe, daga sama, da kuma daga gaba, kuma irin waɗannan zane-zane suna nan kyauta a intanet. Sun fi hoto amfani, saboda hoton da aka ɗauka a karkace yana ƙara wa abin da ke kusa girma, ya rage na nesa.

A ce an buga zanen C-130 a shagon kwamfuta, gangarsa ta fito santimita 20 a takarda, alhali ana son 41.4. Sai a raba 41.4 da 20, a samu 2.07. Daga nan duk abin da aka auna a takardar, ƙofa ce ko inji ko taga, sai a ninka shi da 2.07. Littafin lissafi mai gida-gida na 'yan makaranta ya isa wurin sake zanen. Idan kowane gida milimita 5 ne, to a 1:72 yana wakiltar santimita 36.

Ganga ana iya sassaƙa ta da itace mai laushi, ko a yanka da'irori na kwali daidai da kaurin jirgin a wurare daban-daban, a jera su kan sanda ɗaya kamar haƙarƙari, a cike tsakani da totuwa, a goge da samfefa. Fuka-fukai kuwa a haɗa kwali biyu a yanka su lokaci guda, don kada na dama ya saɓa da na hagu. Kafin gam ya kama, a ɗora jirgin kan teburi mai daidai, a auna daga bakin kowane fiffike zuwa teburin. Bambancin milimita biyu a nan, santimita 14 ne a jirgin gaske.

Ƙananan abubuwan da ke tona asiri

Tsawo da faɗi kowa na iya kiyayewa. Inda masu wannan aiki ke gane gwani shi ne kauri. Kwalin taliya mai kaurin milimita 3, idan aka yi ƙofar jirgi da shi a 1:72, daidai yake da ƙofa mai kaurin santimita 21.6, kamar bangon bulo. Gwangwanin lemo kuwa kaurin jikinsa kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, wanda zai ba da milimita 7. Shi ya sa gwangwanin da aka yar a tasha ya fi dacewa da ƙofofin tayoyi, da bakin fiffike na baya, da ruwan farfela. Almakashi yana yanka shi, kuma yana riƙe lanƙwasa.

Farfela. Irin C-130 da Nijar ke da shi yana da injuna huɗu, kowane da farfela mai ruwa huɗu. Sabon ƙirar jirgin, wanda ake kira C-130J, ruwa shida gare shi, saboda haka wanda ya kwafo hoton da bai dace ba zai yi wa jirgin Nijar farfelar da ba tasa ba. Faɗin farfelar mita 4.1 ne, wato santimita 5.7 a samfuri. Ruwa 16 za a yanka, kuma dole su zama iri ɗaya. Dabarar ita ce a yi guda ɗaya mai kyau a ajiye shi a matsayin abin kwafi. Kowane ruwa kuma a ɗan murɗa shi, domin farfelar gaske a murɗe take daga gindi zuwa baki.

Tayoyi. Manyan tayoyin C-130 huɗu ne, biyu a kowane gefe, ɗaya a gaban ɗaya, suna ɓuya cikin wani kumburi da ke gefen ganga. Biyu ƙanana suna ƙarƙashin hanci. Kowace babbar taya ta kusa mita ɗaya da rabi, wato kusan santimita 2 a samfuri. Tsohon silifas ya isa a yanko su. A ɗan goge ƙasan kowace taya ya zama shimfiɗaɗɗe, domin tayar da ke ɗauke da nauyi ba ta tsayawa a zagaye sak.

Murfin matuƙi. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba da wahala a jirgin yaƙi, kuma robar ruwan sha ce maganinsa. A sassaƙa ɗan itace daidai da siffar murfin, a goge shi ya yi sumul, a kafa shi kan sanda. A yanko fallen robar, a riƙe shi nesa kaɗan da garwashi har ya yi laushi, sannan a danna shi kan itacen da sauri. Idan ya huce ya ɗauki siffar. Sau da yawa sai an ɓata uku ko huɗu kafin a dace. Sandunan da ke riƙe gilashin kuma siraran takardu ne da aka yi wa fenti kafin a manna.

Eriya da bututu. Silin waya ɗaya daga cikin igiyar lantarki kaurinsa kusan kashi biyu cikin goma na milimita ne, daidai da bututu mai kaurin santimita ɗaya da rabi. Masu wannan aiki a Turai suna kuma ɗumama sandar roba a kan kyandir su ja ta har ta zama kamar gashi. Bututun biro da ya ƙare yana yin wannan aikin.

Maratayan makamai. Su-25 yana da su biyar a ƙarƙashin kowane fiffike, na can baki ya fi sauran ƙanƙanta. A ƙarshen kowane fiffike akwai wani ɗan kwanso da ke buɗewa sama da ƙasa don rage gudu. C-130 kuma yana ɗaukar tankin mai ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike, tsakanin injuna biyu, kuma bayansa a ɗage yake saboda babbar ƙofar da motoci ke shiga ta cikinta.

Akwai kuma abin da barinsa ya fi yin sa. Dubban ƙananan ƙusoshi ne ke riƙe da fallayen jikin jirgi, kuma mai sha'awa yakan so ya nuna su da tsinin allura. Kan ƙusar bai wuce 'yan milimita ba, a 1:72 bai kai kaurin gashin kai ba. Ramin allura a wurin zai zama kamar an kafa wa jirgin murafun kwalba. Haka layukan da fallayen suka haɗu: fensir mai tsini ya ishe su.

Sai wata matsala da kusan kowa ke faɗawa a karon farko. Jirgin da ke da taya a hanci, idan aka ƙanƙanta shi yakan zauna kan wutsiya, saboda babu nauyin injuna da na'urori a gabansa. A saka noti ko guntun ƙarfe cikin hancin kafin a rufe gangar. Bayan an rufe, gyaran sai da fashi.

Fenti, tambari da ƙura

Fentin ƙofa da na mota suna ƙyalli, jirgin soja kuwa yawanci ba ya ƙyalli. Ɗan garin hoda a cikin fentin yana kashe ƙyallin. Gara a tsinka fentin a shafa sau uku da a lafta shi sau ɗaya ya cike duk ƙananan abubuwan da aka sha wahala a kansu. Masu ƙwarewa suna kuma ɗiga ɗan fari a cikin kowane launi. Dalili shi ne, kallon samfuri daga mita ɗaya kamar kallon jirgi ne daga mita 72, kuma launi yana dusashewa da nisa. Wanda ya taɓa hango duwatsun bakin Dallol cikin hazo ya san haka.

Tambarin rundunar ma yana da ƙa'ida. Na Najeriya da'ira ce kore, fari, kore. Na Nijar kore ne a waje, fari a tsakani, ruwan lemo a tsakiya. Idan aka juya jerin, ruwan lemo ya koma waje, an yi tambarin Indiya. Lambar rajistar jiragen Nijar da 5U take farawa.

Jirgin da ke aiki a Sahel ba ya zama fes. Hayaƙin inji yana barin baƙi a bayan bututu, ana nuna shi da garin fensir da aka goga da yatsa. Ƙurar hunturu da jar ƙasa suna taruwa a tayoyi da cikin ganga, garin alli mai launin ƙasa ya isa. A nan ma awo ne: ƙwayar yashi ɗaya a jikin samfuri dutse ce a jikin jirgi.

Me ya sa ba ya tashi?

Tambayar farko da 'yan kallo ke yi ke nan. Amsar darasi ce da ke da amfani fiye da jirgin kansa. Idan aka rage tsawo sau 72, faɗin fiffike a murabba'i yana raguwa sau 5,184, girman jiki gaba ɗaya kuma sau 373,248. C-130 ba tare da mai ko kaya ba ya kai kusan tan 34. Idan aka raba da wannan lamba, samfurin da ya yi daidai da shi a nauyi bai kamata ya wuce giram 92 ba, bai kai nauyin wayar hannu ba. Ita kuwa iska ba ta ƙanƙancewa tare da jirgin, don haka ƙaramin fiffike ba ya aiki yadda babba ke yi. Shi ya sa samfurin ajiyewa daban, na tashi daban, kuma mai ƙera na tashi yakan ƙara faɗin fiffike da wutsiya, ya rage nauyi.

Ta wannan ƙofa aka shiga ilimin jirgin sama. A 1901, 'yan'uwan nan biyu Wright, masu shagon keke a garin Dayton na Amurka, sun ƙera akwatin katako da ake hura iska a ciki, suka gwada ƙananan fuka-fukai kusan 200, suna rubuta sakamakon kowane. Ranar 17 ga Disamban 1903 jirginsu ya tashi. Shekara 22 bayan haka, ranar 1 ga Nuwamban 1925, jiragen sojin Birtaniya uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

A Kanon ne kuma, a 2007, labarin Mubarak Muhammad Abdullahi ya zagaya duniya. Ɗalibin kimiyyar fiziks ne a Jami'ar Bayero, mai shekara 24, wanda ya kwashe wata takwas yana haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci. Rahotannin lokacin sun ce jirgin ya ɗaga kusan mita biyu daga ƙasa, sun kuma ce ba shi da na'urorin auna nisa daga ƙasa da nauyin iska. Basira da jajircewa ba su yi masa ƙaranci ba, kayan awo da wanda zai kama hannunsa ne suka yi.

A Yamai, Aziz Kountché, wanda ya koyi ƙera jirage marasa matuƙa da kansa, ya kafa kamfanin Drone Africa Service. A 2016 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi amfani da jirgin da ya ƙera wajen zana taswirar sansanonin Sayam Forage da Kablewa a jihar Diffa. A Kaduna, rundunar sojin saman Najeriya ta ƙaddamar da jirginta maras matuƙi mai suna Tsaigumi a watan Fabrairun 2018.

Inda ya kamata a yi hattara

Sha'awar jirgin soja a Tilaberi ta yau tana da haɗarin da ba ta da shi a Landan. Sassan jihar suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. Sojojin Faransa sun fice daga ƙasar a Disamban 2023, na Amurka a 2024, kuma jami'an tsaro suna sa ido sosai kan duk abin da ya shafi sansanoni. Matashin da ya tsaya bakin shingen filin jirgi yana ɗaukar hoto don ya ga yadda taya take, zai iya kwana yana amsa tambayoyi. Babu buƙatar hakan, tunda awon da zanen waɗannan jirage a buɗe suke ga kowa.

Abin da ke tashi ya fi tsanani. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Sahel da yankin Tafkin Chadi sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa na kasuwa, saboda haka duk abin da aka gani yana shawagi abin zargi ne. A Najeriya tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta hana tayar da su sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Wanda ke son ya gwada samfurin tashi a ko'ina a yankin, ya fara sanar da hukuma, kuma ya fi kyau a yi shi da sunan makaranta.

Gargaɗi mafi girma na iyaye ne. Yaron da ke neman kayan aiki yana tsintar duk ƙarfen da ya gani. A yankin da aka yi artabu ko aka binne nakiyoyi, kwanson harsashi, waya da ta fito daga ƙasa, ko wani ƙarfe da ba a san shi ba, ba abin taɓawa ba ne. Gwangwani, kwali da roba sun wadatar. Ɗumama roba kuma a yi shi a fili, saboda hayaƙinta yana cutar da ƙirji.

Wasu iyayen ba sa jin daɗin ganin yaro yana ƙera kayan yaƙi a lokacin da yaƙin ke cin 'yan'uwa, kuma suna da hujja. Lissafin bai damu da irin jirgin ba. Wanda ya iya C-130 zai iya jirgin alhazai, ko motar asibiti, ko famfon tuƙa-tuƙa.

Rula a cikin tsaraba

Rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, kuma yara da yawa sun baro ƙauyukansu zuwa manyan garuruwa. Darasin ma'auni yana cikin manhajar lissafi, a nan ake koyon karanta taswira, amma yawanci a allo yake farawa ya ƙare. Malamin da ya rubuta 40.4 da 29.8, ya ce kowane rukuni ya kawo masa jirgi a 1:100 ranar Litinin, ya koyar da rabawa, ninkawa, zane da haƙuri ba tare da kasafin kuɗi ba. 'Yan mata ma suna ciki. Ouma Laouali ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a rundunar sojin saman Nijar a 2015, daga baya ta samu horon tuƙa C-130 a Amurka.

Hanyar gaba ma ba ta da nisa. Makarantar EAMAC da ke Yamai tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage, masana yanayi da masu gyaran na'urori daga ƙasashen Afirka da dama. A Zariya akwai kwalejin koyon aikin jiragen sama da aka kafa a 1964, a Kaduna kuma cibiyar fasaha ta sojin sama, AFIT. Dukkansu lissafi da kimiyya suke fara tambaya.

Ga 'yan Kurfai da ke ci-rani a Abijan, Akra, Kwatano, Legas ko Turai, akwai abin da za a iya ƙarawa cikin tsarabar gida: rular ƙarfe, kamfas na zane, ɗan abin awon nan mai baki biyu da makanikai ke auna kaurin ƙarfe da shi, da zanen jirgi mai fuska uku da aka buga a takarda. Wanda ke da hali ya haɗa da samfurin roba guda ɗaya na 1:72. Ƙanin da ya harhaɗa shi sau ɗaya zai ga yadda aka rarraba jirgi gunduwa-gunduwa, na biyu kuma da gwangwani da kara zai yi shi.

Gwajin ba shi da wuya. Idan yaro ya kawo maka jirginsa, bayan ka yaba masa, ka tambaye shi wane jirgi ne, ka miƙa masa rula ya auna fuka-fukan da gangar. Sannan ku nemo awon na gaske, ku raba tare.